Gyaran kafireton babur: kit gaba ɗaya ko ɗai-ɗai?

Idan babur irin su Bajaj Boxer ko Jincheng ya yi watanni a ajiye, kit ya fi. Fetur ya riga ya daskare a ciki, gaskit ɗin kwano ya bushe, robobin sun sandare, kana buɗewa za su yage. Kit guda zai ba ka gaskit, robobi, allurar fulot (mai tsayar da fetur idan kwanon kafireto ya cika) da jet biyu (ƙananan noti masu rami da fetur ke bi).

Amma a jet ɗin nan matsala take. Na kit mai araha sau da yawa ramin bai yi daidai da lambar da aka buga a jikinsa ba, sai babur ya riƙa shan mai, fulogi ya yi baƙi, ko ya riƙa mutuwa a silo, wato idan an saki totur. Bakanike mai hankali yakan wanke tsofaffin jet na asali, ya hura musu iska, ya mayar. Kada a zura musu waya, tana faɗaɗa ramin.

In kuwa mai ne kawai yake ɗiga ta tiyon ƙasa, galibi allurar fulot ce ta cinye. Sayi ita kaɗai, ka je kasuwa da tsohuwar a gwada tsawo.

Idan kuwa silaid, wato abin da ke hawa da sauka a ciki in an murɗa totur, ya cinye jikin kafireto, sai dai sabon kafireto.