Sharhi: katin Intel I350-T4 a rautar OPNsense ta haɗin hannu

Ga mai kula da intanet a masaukin alhazai a Makka ko ƙaramin ofis a Jidda, tsohuwar kwamfutar ofis da aka ɗora wa OPNsense ko pfSense, manhajojin da ke mayar da kwamfuta rauta mai rarraba intanet, ta fi ƙaramar rautar kanti jure wayoyi masu yawa a lokaci guda. Inda ake yin tuntuɓe shi ne katin netwok. Na yi amfani da Intel I350-T4 mai baki huɗu na sa wayar intanet a kan irin wannan haɗi, kuma shi nake ba da shawarar a nema, amma da sharuɗɗa.

Tushen rigimar shi ne manhajojin nan biyu a kan FreeBSD aka gina su, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Katin da ya yi aiki lafiya a Windows ba lallai ya sami direba mai kyau a nan ba, wato manhajar da ke tafiyar da katin. Bakin da ke zuwa a jikin yawancin ƙananan kwamfutoci Realtek RTL8111 ne, kuma direbansa mai suna re na cikin FreeBSD sananne ne da rubuta saƙon kuskure na watchdog timeout idan zirga-zirga ta yi nauyi: layi ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, galibi da daddare lokacin da kowa ke kiran gida ta bidiyo. RTL8125 na Realtek mai gudun gigabit 2.5 kuwa direban re na asali bai ma san shi ba. Maganinsa ƙarin manhaja ne mai suna os-realtek-re a OPNsense, sai dai sauke shi yana buƙatar intanet, ga shi bakin da zai kawo intanet ɗin ne bai tashi ba.

I350 ba ya da wannan wahalar. Ana sa shi, direban igb ya kama shi, bakuna huɗu su fito daga igb0 zuwa igb3, kuma a gwajin cikin gida yana kai wajen 940 Mbps, wato iyakar abin da layin gigabit ke bayarwa. Kafin a saita komai, a buga umarnin pciconf -lv, wanda ke jero katunan da ke cikin kwamfutar da lambar kamfanin kowanne. Lambar 0x8086 ta Intel ce, 0x10ec ta Realtek. In aka ga none0 a gaban kati, tsarin ya gan shi amma ba direba. Kada kuma a ɗauka jerin lambobin ya bi jerin bakunan daga sama zuwa ƙasa. A sa waya a baki ɗaya, a buga umarnin ifconfig a ga wanda ya nuna active, a manna masa takarda.

Wajen saye ne ake buƙatar buɗe ido, domin jabun I350 ya yi yawa. Na fi amincewa da wanda aka ciro daga tsohuwar saba (server, babbar kwamfutar kamfani), irin su HP 366T, don I350 ne a ciki. A kula, HP 331T yana kama da shi sosai amma Broadcom ne mai direban bge. Katin yana son ramin soka kati na PCIe x4 ko wanda ya fi shi, kuma in kwamfutar siririya ce dole a karɓi gajeren ƙarfen ɗaurewa tun a shago, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Wani lokaci katin saba yakan hana kwamfutar ofis tashi gaba ɗaya saboda rikicin SMBus, wata ƙaramar hanyar sadarwa tsakanin katin da allon kwamfutar. Rufe fil na B5 da B6 na haƙoran katin da siririn tef yakan warware wannan.

Abin da ya fi damuna da shi zafi ne. An ƙera shi don saba mai iska mai ƙarfi, ba shi da fanka. Wat biyar ko kusa da haka yake ci, kaɗan ne, amma a akwatin da aka kulle a ƙarƙashin bene ba na'urar sanyaya ɗaki, cikin zafin Makka da ke wuce digiri 40, ƙarfen sanyayarsa ba ya taɓuwa. Ƙaramar fanka ta milimita 40 da aka ɗaure tana hura masa kai tsaye ta wadatar, sannan a riƙa kakkaɓe ƙura.

Saura PPPoE, hanyar haɗi da kamfanin intanet ta sunan shiga da kalmar sirri. Idan layin fiber ɗinka da shi yake shiga, FreeBSD yakan tara duk abin da ke shigowa a jerin jira ɗaya na katin, ƙwayar firosesa guda ta ɗauki nauyin duka. Mutum ya ga gudu ya tsaya ƙasa da abin da yake biya, ya zargi katin, alhali ba laifinsa ba ne. A shiga shafin saiti na Tunables a mayar da net.isr.dispatch zuwa deferred, a bar MTU (iyakar girman ƙunshin bayanai) a 1492, a tabbatar TSO da LRO, saitin da ke sauke wa firosesa wani aiki a kan katin, a kashe suke. Firosesa mai ƙwaya ɗaya mai sauri ta fi amfani a nan fiye da mai ƙwayoyi da yawa marasa ƙarfi.

Wanda layinsa ya haura gigabit, I350 ba zai kai shi ba. Sai ya nemi I226-V mai direban igc, kuma in ya ga layi yana ɗaukewa, ya fara da kashe ASPM, saitin rage cin wuta, a BIOS.