Jiƙa fim kafin wanki ko zuba sinadari kai tsaye

Malam, tambayarka kan ko jiƙa fim ɗin ɗaukar hoto da ruwa kafin a zuba masa sinadarin fito da hoto yana sauya lokacin wanki, amsarta ita ce yana sauyawa, amma kaɗan ne, kuma ya danganta da irin fim da sinadarin da kake amfani da su. Idan jelatin, wato shafen da ke jikin fim mai riƙe hoton, ya sha ruwa ya kumbura, sai sinadarin ya ture ruwan nan kafin ya fara aiki, shi ya sa aikin kan ɗan yi nawa da farko. Saboda wannan ne kamfanin Jobo ya ba masu injinsa na wankin fim mai juyawa shawarar su jiƙa na minti 5, domin jinkirin ya rage saurin da juyawar ke kawowa.

Ni dai jiƙawa nake yi, kuma zafi ne dalilina. A watan Afrilu tankin wankin fim ɗina ƙirar Paterson yakan yi ɗumi kamar an ajiye shi a rana, ta yadda zafin sinadarin da na auna a digiri 20 na Salshiyas zai haura da zarar ya shiga, alhali ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da ake bukata da kusan kashi 10 cikin 100. Tun da na fara zuba ruwan digiri 20 na minti biyu tukuna, nagetif (wato fim ɗin da aka wanke) na fim ɗina samfurin Fomapan yake fita sumul, sararin sama babu dabbare-dabbare. Ruwan zai fito kore shar, kada hankalinka ya tashi, rinin bayan fim ne kawai.

Zubawa kai tsaye ma tana aiki, ita ce kamfanin Ilford ya fi so ga fim ɗinsa, kuma a kanta ya tsara minti 13 na fim ɗin HP5 Plus a sinadarin ID-11 da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Sinadarin Diafine kuwa ba a jiƙa masa fim ko kusa.

 

In ɗakinka yana da zafi, ka jiƙa, ka fara da lokacin da kamfani ya rubuta, in nagetif ya fito fayau ka ƙara rabin minti a wanki na gaba.