Wace manhajar katalog ta dace da laburaren jami'a?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana cika gurbi na 245 da sunan littafi, na 100 da sunan marubuci, ya san tsarin MARC, wato ƙa'idar shigar da bayanan littattafai a kwamfuta, ya kwana biyu. Tun shekarun 1960 Henriette Avram ta tsara shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma laburaren nan ne dai ya ɓullo da BIBFRAME don ya gaje shi. Amma tsohon na nan daram. Don haka manhajar da za ku ɗauka yau, tilas ta iya da MARC, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga magajinsa.

Alma ta kamfanin Ex Libris ta fi dacewa da laburaren da mujallun intanet suka yi wa yawa, domin tana haɗa su wuri guda da littattafan kan kanta. Kuɗin shekara-shekara ne, kuma da nauyi. WorldShare ta ƙungiyar laburare ta OCLC kuwa, ƙarfinta WorldCat ne, wato babban katalog ɗin da laburare a faɗin duniya ke tarayya a kai: littafin da wani ya riga ya yi wa rajista, jawo bayanansa kawai za ku yi ku gyara.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke iya ɗauka kyauta ya gyara. Koha, wadda aka faro a New Zealand a 1999, ba ta da kuɗin lasisi, kuma sabon ma'aikaci kan saba da ita da wuri. FOLIO ƙuruciya gare ta, amma don manyan laburaren bincike aka gina ta, har Laburaren Majalisar ya zaɓe ta a 2022. Sai dai a kula, kyauta ba ta hana ɗawainiya: ko ku ɗauki ƙwararren da zai riƙa kula da sabar, ko ku biya wani kamfani ya riƙe muku.

Kafin ku sa hannu, ku ba dillali bayanan littattafai ɗari daga naku, har da masu rubutun Larabci ko na Sin a gurbi na 880, inda ake sa rubutun da ba na haruffan boko ba. Ya shigar, ya fitar a gabanku. Ku duba ko haruffa sun rikiɗe sun koma alamar tambaya. Sannan a rubuta cikin yarjejeniya cewa ranar da za ku bar manhajar, za ku kwashe bayananku cif, ba tare da biyan ko sisi ba.