Windows da Ubuntu a Laftof Ɗaya: Abin da Na Gani a Matsayin Ɗalibi a Madina

Ga ɗan'uwan da ke rubuta risala (kundin binciken digiri) da Larabci kuma yake tunanin ɗora Linux kusa da Windows, amsata ita ce ya ɗora, amma ya tsai da wurin da risalar za ta zauna tun daga ranar farko.

Laftof ɗina tsohuwa ce, ba ta da TPM 2.0, wato na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata, kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ni kuwa ba ni da halin sayen sabuwa. Wani abokin karatuna ɗan Zariya ya raba min rumbun ajiyar gida biyu, ya ɗora Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, daga filashi. Wannan fitowar ta Afrilun 2024 ce, kuma tana da tallafin shekara biyar kyauta. Yanzu da na kunna sai allon zaɓi mai suna GRUB ya fito ya tambaye ni inda zan shiga, Windows ko Ubuntu.

Ɓangaren Ubuntu ya burge ni ƙwarai. Na'urar ta yi sauƙi, fanka ta daina ruri, kuma Zoom da Telegram da burauza duk suna tafiya lafiya. Larabci ma yana rubutuwa daga dama zuwa hagu, babu wata gargada. Nan nake sauraren darussa, nan nake duk wata hulɗa ta intanet.

Inda gizo ke saƙar shi ne risala. LibreOffice, manhajar rubutu da ke Ubuntu, yana buɗe fayil ɗin Word, gaskiya ne, amma buɗewa daban, fitowa yadda ka tsara daban. Salon rubutun Traditional Arabic da yawancinmu ke amfani da shi na Windows ne, babu shi a Ubuntu sai ka kai shi da kanka. In babu shi sai manhajar ta musanya shi da wani, layuka su sauya tsawo, hashiyar da ke ƙasan shafi ta tsallaka shafi na gaba, baitocin waƙa da ka jera sahu biyu su karkace. Duk wanda ya taɓa miƙa babi ga mushrifi, wato malamin da ke duba risala, ya san ba a wasa da lambar shafi. Haka nan manhajar Mus'hafin Madina ta Cibiyar Sarki Fahad, wadda ke saka aya cikin Word da rasmin Usmani, don Windows aka yi ta. Shamila kuwa, manhajar taskar littattafan Larabci, ta shafinta na intanet nake buɗewa in ina Ubuntu, amma bincike mai zurfi sai na koma ɓangaren Windows. Akwai Wine mai tafiyar da wasu manhajojin Windows a Linux, sai dai ban yarda in damƙa masa aikin shekaru ba.

Abu biyu ya kamata a gyara tun da wuri. Na farko agogo. Windows yana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gari, Linux kuma yana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya. Saudiyya tana gaban UTC da awa 3, saboda haka in ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows, kana jin kiran sallar La'asar daga Harami amma allon yana nuna maka wajen sha biyu da rabi. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Ubuntu yana daidaita su.

Na biyu, a kashe Fast Startup, wato tsarin saurin kunnawa, a Windows. Muddin yana kunne, Windows ba ya rufuwa gaba ɗaya, sai Ubuntu ya ƙi ba ka damar rubutu a ɓangaren NTFS, wato tsarin ajiyar fayil na Windows. A sani kuma Ubuntu yana ganin fayilolin Windows, amma Windows ba ya karanta ext4, tsarin ajiyar fayil na Ubuntu, don haka duk abin da kake so ɓangarorin biyu su gani, ajiye shi a NTFS. Mai BitLocker, makullin rumbu na Windows, ya adana mabuɗinsa, kowa kuma ya kwafe aikinsa a wani wuri kafin a taɓa rumbu.

Tsarina yanzu shi ne risala a Word kawai, Windows ɗin kuma ba na haɗa shi da intanet sai da dalili. In zan duba babi daga Ubuntu, PDF nake buɗewa.