Bawul ɗin Perimount na tantanin saniya: aikinsa da wa'adinsa

Duk wanda likita ya ce masa bawul ɗin awotarsa, wato ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki, ya tsuke har sai an canza, zai ji sunan Carpentier-Edwards Perimount cikin zaɓin da za a gabatar masa. Tun farkon shekarun 1980 ake dasa shi, don haka an san halinsa ciki da bai.

Kafin a yi masa hukunci, sai a san abin da ya zo maye gurbinsa. Bawul na asali ƙyamare uku gare shi, kowanne kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, suna buɗewa su rufe wajen sau 100,000 a rana. Kowane ƙyaure hawa uku ne: zaren kolajin mai ɗaukar nauyin jini idan ya rufe, hawan tsakiya mai laushi da ke ba shi damar lanƙwasa, sai zaren elastin mai dawo da shi mazauninsa. Idan kalsiyam ya taru a hawan kolajin, ƙyauren sai ya sandare. Ƙofar da ta saba buɗewa santimita murabba'i 3 zuwa 4 ta koma ƙasa da 1, jini ya riƙa kutsawa da gudun mita 4 a daƙiƙa ko fiye. Nan ne haki, ciwon ƙirji da suma suke shigowa.

Perimount an yanka ƙyamarensa ne daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya, aka ɗora su kan firam ɗin waya na kobalt da kuromiyam, aka rufe da yadin foliyesta, da zoben ɗinki a gindi. Na awota yana zuwa daga milimita 19 zuwa 29. Tantanin kuwa ana jiƙa shi a sinadarin gulutaraldihaid, dabarar da likitan Faransa Alain Carpentier ya kawo a ƙarshen shekarun 1960. Jima ce dai irin ta fata: tana ɗaure zaren kolajin, ta kashe ƙwayoyin halitta, jiki ya rage yaƙar abin.

Alherinsa a bayyane yake. Jini na bi ta tsakiya ba tare da wani abu ya tare hanya ba, ba ya ƙas-ƙas ɗin da masu bawul na ƙarfe da kabon ke ji cikin dare, kuma bayan 'yan watannin farko yawancin marasa lafiya ba sa buƙatar wafarin, maganin hana jini daskarewa, sai in akwai wani dalili kamar rikicewar bugun zuciya. Ga tsoho mai yawan faɗuwa, ko macen da ke son haihuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wafarin na iya illata ɗan tayi.

Matsalar tana cikin jimar kanta. Naman da ya mutu ba ya gyara kansa. Bawul na asali kullum yana sabunta zarensa. Wannan kuwa duk zaren da ya tsinke ya tafi ke nan. Ragowar sinadarin da kitsen matattun ƙwayoyin suna jawo kalsiyam, musamman a kusurwoyin da ƙyamare suka haɗu, inda lanƙwasa ta fi tsanani. Ƙarshe ɗayan biyu: ko ya sandare ya tsuke kamar wanda aka cire, ko ya yage ya riƙa mayar da jini baya. Yawanci shekara 10 zuwa 20 yake yi, amma a jikin matashi ko mai wankin ƙoda wa'adin na raguwa sosai. Shi ya sa jagorar likitocin zuciya na Amurka ta 2020 ta fi karkata ga bawul na kabon ga wanda bai kai shekara 50 ba, na nama ga wanda ya haura 65, tsakaninsu kuma a zauna a tattauna.

Abin da ake yawan wucewa ba a tambaya shi ne lamba, wato girman bawul ɗin. Sanya 19 ko 21 a jikin ƙaton mutum asara ce tun ranar tiyata: idan faɗin ƙofar ya gaza santimita murabba'i 0.85 ga kowace mita murabba'i ta faɗin fatar jiki, zuciya za ta ci gaba da turawa da ƙarfi. Kuma ranar da bawul ɗin ya gaji, cusa sabon bawul cikinsa ta jijiyar cinya ya fi kyau idan mai babbar lamba ne. A tambayi likita wace lamba yake shirin sakawa, da ko zai faɗaɗa gindin awotar.

Ga wanda ya haura 65 zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Ga ɗan shekara 35, ya shiga da sanin cewa akwai tiyata ta biyu. Ko wane ne, a ɗauki hoton eko, wato hoton zuciya da na'urar sauti, cikin makonnin da suka biyo bayan tiyata don ya zama ma'auni, a sanar da likitan haƙori kafin cire haƙori, kuma zazzaɓin da ya ƙi sauka a yi gwajin ƙwayoyin cuta a jini kafin a fara shan maganin kashe su.