Golf GTI ko Mini Cooper S: wacce za ta iya da hanyoyin Katsina?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tsakanin Golf 5 GTI mai rim 18 (wato inci 18) da Mini Cooper S ɗin da ka ce an nuna maka, Golf za ka ɗauka, mai ƙofa huɗu. Amma sharaɗina ɗaya, kada ka biya kuɗi da rim 18 a ƙafarta. Ko mai ita ya mayar mata da 17, ko ya rage maka abin da za ka sayi 17 ɗin da kanka.

Na fara da taya ne domin a irin waɗannan ƙananan motoci masu gudu, daɗin zama daga nan yake farawa. Ka duƙa ka karanta lambar da ke gefen tayar. Golf 5 GTI daga kamfani tana zuwa da 225/45 R17, wanda ya ƙara kuɗi a ba shi 225/40 R18. Lamba ta farko faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu ita ce tsayin robar daga bakin rim zuwa ƙasa, ana lissafa shi da kaso cikin ɗari na faɗin. Kaso 45 na 225 ya kama milimita 101. Kaso 40 kuwa milimita 90 ne. Samarin da ke ɗora mata rim 19 da taya 225/35 sun dawo milimita 79. Jimillar tsayin ƙafar kusan ɗaya ne a dukkansu, ƙarfe ne kawai yake ƙaruwa roba tana raguwa. Kuma robar nan da iskar da ke cikinta su ne ke fara karɓar dukan hanya kafin ya kai ga shokozoba, kafin ya kai ga kujera, kafin ya kai ga ƙugunka. Wanda ya taɓa taka tsakuwa da silifa mai siririn ƙasa ya san abin da nake faɗi.

Wani zai ce santimita ɗaya ce fa kawai tsakanin 17 da 18. Haka ne, amma ka tuna nauyin mota ya riga ya danne wani ɓangare na robar tun tana tsaye. Ɗan abin da ya rage shi ne ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. A kwalta mai santsi irin ta IBB Way ko cikin GRA ba za ka ji bambanci mai yawa ba, har ma 18 ɗin ta fi ɗan kaifin sitiyari a kwana, ban musa ba. Matsalar tana zuwa ranar da ka faɗa rami mai kaifin baki da gudu, ko ka sauka daga kwalta zuwa layin unguwa inda ruwan Agusta ya zaizaye gefen titi ya bar shi kamar matakala. Nan tayar ke matsewa tsakanin rim da kwalta, zarurrukan ciki su tsinke, gobe ka ga ƙulu ya fito a gefe. Taya mai ƙulu ba ta facuwa, kuma ba abin hawa hanyar Kano da ita ba ce. In abin ya yi tsanani rim ɗin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa kullum safiya.

Tawa Golf 5 GTI ce, giyar hannu, a kan 17 take tun da na same ta. Abin da ya sa nake son ta har yanzu ya faru ne a hanyar Daura. Hajiyarmu tana fama da ciwon baya, kuma ba ta son doguwar tafiya ko kaɗan, kilomita 80 ɗin nan na Katsina zuwa Daura sai ta yi ta zullumin su tun ana gobe. Aka yi rasuwa a dangi, babu makawa sai ta je. Da ta ga motar sai ta tsaya tana kallon ta, ta ce wannan 'yar ƙaramar abar da ke gurnani ita za ta kai mu? Na kwantar mata da kujerar gaba kaɗan, ƙannena mata biyu suka shiga baya, aka zuba kayan gaisuwa a but. Ba mu kai Mashi ba carbi ya tsaya a hannunta, barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai da muka shiga cikin gari. Da muka dawo da yamma ta sa mini albarka ta sa wa motar. Kujerar GTI tana da tudu a gefe da gefe wanda ke riƙe mutum, an yi shi ne don kada direba ya zame a kwana, sai ga shi ya yi wa tsohuwa amfani. Tun daga ranar, duk tafiyar da za ta yi motata take tambaya.

Kada ka ɗauka laushi gare ta irin na Camry ko Peugeot 406. Tana da tauri, an ƙera ta ƙasa da Golf ta gama-gari da kamar milimita 15, kuma za ka ji hanya a jikinka. Sai dai tauri ne mai ladabi: ta daki rami sau ɗaya ta zauna, ba ta yi ta lilo ba. Dalili shi ne daga Golf 5 aka sauya ƙafafun baya, kowace taya ta samu hannuwanta tana motsi ita kaɗai, saɓanin Golf 3 da yawancin Golf 4 da muka saba gani a tasha, waɗanda ƙarfe ɗaya ya haɗa tayoyinsu na baya. Tazarar tayar gaba da ta baya kuma mita 2.58 ce, wannan ma yana rage tsalle a gargada.

Mini ɗin kuwa, to, kyakkyawa ce, kuma tana da daɗin juyi a kwana, wannan na ba ta. Bayan haka ban ga abin da za ta yi maka ba. Idan samfurin 2007 zuwa 2013 ce, but ɗinta lita 160 ne, na Golf 350. Kujerun baya biyu ne kacal, kuma ƙofa biyu gare ta, duk wanda zai shiga baya sai an tashi na gaba. Ba ta zuwa da safaya, tayoyinta irin masu taurin gefe ne da ake kira ranfilat, waɗanda aka yi don su iya tafiyar kamar kilomita 80 ba iska, ba tare da an wuce gudun 80 ba. Taurin gefen nan shi ke sa ta dukan mutum, ga ta gajera, ga 205/45 R17 mai roba milimita 92. Ranar da ɗaya ta fashe maka tsakanin Charanchi da Kankiya, ka gaya mini wane mai faci ne zai fito maka da irinta.

Mu koma kan Golf, domin ita ma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu.

Idan yawancin zirga-zirgarka cikin unguwa ce, irin layukan Sabuwar Unguwa ko bayan Ƙofar Ƙaura da ba su ga kwalta ba, za ka iya sauka har rim 16 da taya 205/55 R16. Robarta milimita 113 ce, tana shiga ba tare da ta taɓa birki ba, kuma wannan lambar tana cikin waɗanda suka fi sauƙin samu a kasuwa, ba sai ka aika Kano ba. Ƙasa da 16 ba zai shiga ba, faifan birkin gaba milimita 312 ne. Za ta rage kyau a ido, ban ɓoye maka ba, kuma sitiyarin zai ɗan yi sanyi. Ni 17 ta ishe ni. Ka kuma lura, rim ɗin Golf 4 ba ya hawa Golf 5 duk da kowanne rami biyar gare shi: na 4 tazararsa 5x100, na 5 kuma 5x112. Akwai masu sayar da rim da za su ce maka ai Golf Golf ce.

Sai iska. Masu faci da yawa a garin nan da ido suke dura iska, su bubbuga tayar da ƙarfe, in ta yi ƙara su ce ta yi. Mota mai siririyar taya in aka cika mata iska fiye da ƙima komai ingancinta sai ta koma tana dukan ka. Adadin da kamfani ya sa yana nan a takardar da aka manna cikin murfin tankin mai ko a jikin ƙofar direba. Ka sayi ɗan ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin tayar ta ɗau zafi, musamman daga Maris zuwa Mayu da kwalta ke ƙuna.

Ƙasanta kusa yake, wannan ba shi da magani sai haƙuri. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da siminti yadda suka ga dama, da kwalbatin ƙofar gida mai tsayi, a karkace ake hawansu, a hankali. Da damina in ka ga ruwa ya kwanta a titi kada ka bi bayan Hilux ka ce kai ma za ka ratsa. Injin da ya shaƙi ruwa ya gama.

Injinta 2.0 ne mai tarbo, ƙarfin doki 200, kuma ba irin na Golf 3 ba ne da kowane bakanike ya haddace. Nemi wanda ke da kwamfutar duba mota. Abu biyu ka sa a duba maka tun ranar farko: tamin bel, da wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai kamar murfi da ke ƙarƙashin famfon mai na kan injin, wanda ke cinyewa a hankali, in ya huje ya ɓata kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin injin. Shi kansa ba shi da tsada, ɓarnar da yake jawowa ce mai tsada. Baƙin mai kuma ba na jarka a bakin titi ba, kuma ka riƙa sauya matatar iska da wuri saboda ƙurar hunturu. In da zaɓi, ɗauki mai giyar hannu. Mai giyar otomatik da ake kira DSG tana da daɗi, amma tana son a sauya mata man giya duk kilomita 60,000 da irin nata na musamman, kuma yawancin waɗanda ke zuwa hannu na biyu da na uku ba wanda zai iya gaya maka yaushe aka yi na ƙarshe. Kayan ƙafa kuwa, irin su bush da shokozoba, da yawansu tana tarayya da Jetta da Audi A3 na zamaninta, abin da ba a samu a nan ba ana samun sa a Ƙofar Ruwa a Kano. Maganar shan mai, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa yake lissafi: in ka bi ta a hankali ba ta da haɗama, in kana taka ta don jin gurnani aljihunka zai gaya maka.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, domin abin yana ci mini rai. Rim 18 mai ƙyalli da ka gani a ƙafar motar nan, sau da yawa ba don kai aka sa shi ba, don idonka aka sa. Wasu dillalai suna sayen rim da ya tsage, a yi masa walda ta ciki, a goge, a fesa fenti. Daga waje ba ka ganin komai. Wasu kuma Golf 5 ta gama-gari suke ɗauka, su sa mata ragar gaba mai jan layi, su shafa wa birki jan fenti, su manna harafi uku a baya, su kira maka kuɗin GTI. Ɗaga shimfiɗar but, kusa da safaya akwai farar takardar kamfani mai lambar injin. Na Golf 5 GTI yawanci za ka ga AXX ko BWA in daga Turai ta zo, BPY in 'yar Amurka ce. In takardar ta ɓace, ko lambar sasi da ke jikinta ba ta yi daidai da ta ƙasan gilashin gaba ba, ka tsaya nan. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata fitilar injin da ta ABS da ta jakar iska duk sun kama sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an kashe ta ne don kada ta tona asiri. Akwai kuma masu yanke sifirin don motar ta ƙara zama ƙasa ta burge samari, irin wannan ko rim 16 ba zai cece ta ba.

Tayoyin ma ka karanta shekarunsu. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙera ta, don haka zanen da ya yi zurfi ba hujja ba ne. Takardun kwastan kuma ka kai a tantance su kafin ka biya, domin a Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuma mu da ke kusa da Jibiya da Kwangwalam mun san yadda ake yi.

Ranar gwaji kada ka bari dillali ya zaɓa maka hanya, domin inda ya fi santsi zai kai ka. Ka kashe rediyo, ka sa mutum biyu a baya, ka shiga layi mai gargada ka saurari ƙafafun, sannan ka fita hanyar Dutsin-Ma ka kai ta gudun 100 ka ji ko sitiyari na rawa. Daga nan ku wuce wurin mai faci na wajenka, ba nasa ba, a kwance tayoyin huɗu a duba cikin rim ɗaya bayan ɗaya. In ya ce ba za a kwance ba, ka ba shi makullinsa.