Aikin yanar ido a wani asibitin kuɗi a Jidda

Asibitin ido mai zaman kansa da ya yi wa mahaifinmu aikin cire yana a Jidda ya ƙware a ɗakin tiyata, amma ya yi sakaci wajen gaya wa mara lafiya abin da zai gani da abin da ba zai gani ba bayan an gama aikin. Na rubuta wannan ne domin 'yan uwa mazauna Jidda da Makka masu shirin kai iyayensu, kuma ba zan kama sunan wurin ba.

Ta fuskar tsafta da tsari babu abin zargi. An karɓi katin inshora ba tare da jan rai ba, an auna tsawon idon da lanƙwasar gabansa domin zaɓen madubin roba da za a dasa, aikin kansa kuma bai kai rabin awa ba. Likitan ya bi hanyar da aka saba da ita a yau, wadda Charles Kelman na Amurka ya ɓullo da ita a 1967, inda na'ura ke farfasa yanar ta zuƙe ta ta wata 'yar ƙaramar kafa, sannan a saka madubin a cikin jakar da yanar ta fito. Baba ya kwana a gida a ranar, ba tare da wani ciwo na a zo a gani ba.

Damuwar ta fara ne bayan 'yan makonni. Nesa ta washe masa, yana gane fuskoki daga ƙofar masallaci, amma da ya buɗe Alƙur'ani sai rubutun ya zama dishi-dishi, alhali karatu shi ne babban dalilin da ya sa ya yarda a taɓa masa ido. Sai daga baya muka fahimci cewa madubin da aka dasa masa mai gani ɗaya ne, an saita shi don nesa, wanda aka yi wa irinsa kuwa dole ya nemi tabarau na karatu. Wannan ba kuskuren tiyata ba ne, domin shi ne madubin da aka fi dasawa a ko'ina, har likitoci da yawa sun fi son sa ga mai ciwon suga. Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya zauna ya yi wa dattijon wannan bayani kafin ya sa hannu a takarda. An miƙa masa takardar cikin Larabci da Turanci, shi kuwa Larabcinsa na kasuwa da masallaci ne, bai kai na kalmomin likita ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Tsakiyar ganinsa ta soma yin hazo, layin da yake miƙe yana ganin sa a karkace. Da muka koma, aka duba shi cikin gaggawa aka ce aikin ya yi kyau, a ci gaba da ɗiga magani. Wata ma'aikaciyar jinya Bahausa ce ta tare mu a baranda ta ce da shi, “Baba Alhaji, tunda kana da suga, ka nemi a ɗauki hoton bayan idon kafin ka tafi.” Hoton, wanda ake kira OCT, ya nuna kumburi a tsakiyar tantanin bayan ido, wurin da mutum ke karatu da shi. Irin wannan kumburi sananne ne bayan aikin yana, ya fi kuma samun masu ciwon suga, saboda haka bai dace a ce sai mara lafiya ya roƙa sannan a duba masa ba. Likitan bayan ido da aka tura mu wurinsa, a cikin asibitin dai, mutum ne mai haƙuri da natsuwa. Ya sauya maganin ɗigo zuwa na rage kumburi, ya ce idan bai sauka ba akwai allurar da ake yi a cikin ido, ya kuma nanata cewa a rage sugan. Ganin ya inganta sannu a hankali, ko da yake bai kai yadda Baba ya sa rai ba.

Wannan likitan ne kuma ya gargaɗe mu cewa bayan watanni ko shekaru jakar da ke riƙe da madubin tana iya yin duhu, har mutum ya ɗauka yanar ce ta dawo, alhali da hasken leza ake buɗe ta cikin 'yan mintuna ba tare da yanka ba. Ya ce tabarau na ƙarshe kada a yanka shi sai ido ya zauna, mako huɗu zuwa shida bayan aiki ga mafi yawan mutane.

Zan iya tura ɗan uwa wannan asibiti, amma da sharaɗi. Ya tafi da wanda ke jin Larabci sosai, ya tambayi irin madubin da za a dasa da abin da inshora za ta biya, mai ciwon suga ko hawan jinin ido kuma ya nemi a duba masa bayan ido kafin a sa ranar aiki. Idan bayan aikin ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko mutum ya riƙa ganin walƙiya da wani duhu yana rufe gefen ganinsa, to ya koma asibiti a ranar, kada ya jira ranar da aka rubuta masa.